Tarin da ya biyo bayan cire hanji: lamarin wata malama mai shekara 38

Ranar da ta fara zuwa wurina, kafin ta zauna sai da ta zuge jaka ta fito da wata 'yar kwalba mai murfi, naɗe cikin hankici, ta ajiye a bakin tebur. Kaki ne a ciki, kore-kore mai kauri, ya kusa rabin kwalbar, ya kwanta hawa-hawa: kumfa a sama, ruwa-ruwa a tsakiya, mugunya a ƙasa. "Likita, na safiyar yau ne kaɗai wannan," in ji ta. Malamar makaranta ce, shekararta 38, 'ya'yanta uku, ba ta taɓa shan taba ba, ba kuma mai sha a gidanta. Na sakaya sunanta da duk abin da zai sa a gane ta.

Wata 20 ke nan tana tari. A bushe ya fara, kamar ƙaiƙayin maƙogwaro bayan mura, cikin 'yan makonni ya koma mai kaki. Da asuba ya fi tsanani. Da ta juya kwanciya ko ta tashi zaune, sai kakin ya taso kamar an karkata tulu, ta yi kusan rabin awa tana fitar da shi kafin ƙirjin ya sake ta. A aji ba ta iya kai ƙarshen bayani sai ta juya wa ɗalibai baya ta tofa a kwalbar. Wani lokaci da ɗigon jini a ciki. Zazzaɓi yakan zo ya tafi, ba mai zafi can ba. Ta ɗan rame, in ta hau bene hawa ɗaya sai ta tsaya ta mayar da numfashi.

Kafin ta iso gare ni an sha fama. Ta lissafa mini sau tara da aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, kowanne ya ɗan wanke launin kakin na mako guda ko biyu, sannan a koma gidan jiya. An ɗauki hoton ƙirji sau uku, ba a ga komai ba sai 'yan layuka masu kauri a ƙasan huhun biyu. An gwada kakin da na'urar GeneXpert sau biyu, ba a sami ƙwayar tarin fuka ba. Duk da haka aka ɗora ta a kan maganin tarin fukan, ta sha wata shida cur ba fashi: wata biyu na haɗin magani huɗu, wata huɗu na haɗin biyu. Har yanzu tana tuna yadda rifamfisin ya mayar mata da fitsari ja. A watan farko ta ji dama-dama, daga nan tari ya dawo yadda yake. Shan maganin bai dame ta ba kamar abin da ya biyo shi. An ware mata kofi da cokali, an ɗauke autarta daga ɗakinta, a wurin aiki kuma aka ce ta ɗan huta tukuna. Da ta zo kan zancen autar, sai da ta yi shiru ta sunkuyar da kai kafin ta ci gaba.

Ban ga laifin wanda ya fara ba ta maganin tarin fuka ba. Tari na watanni, ga rama, ga zazzaɓi, ga jini a kaki: likitan da bai fara kawo tarin fuka a ransa ba bai yi aikinsa ba, gwajin kaki kuma yakan kuskure cutar in ƙwayoyin ba su da yawa. Sauƙin watan farkon ma yana da dalili, domin rifamfisin na kashe wasu ƙwayoyin da ba na tarin fuka ba, sai a ɗauka an dace. Inda aka yi sake shi ne bayan wata biyu, wata uku, da aka ga jiya i yau, ba wanda ya koma baya ya duba ko tun farko an kama hanya.

Ni ma na yi nawa saken. Na tambaye ta, "Malama, akwai wata cuta da kike fama da ita, kamar ciwon sukari ko hawan jini?" Ta ce babu. "Akwai maganin da kike sha kullum?" Babu. Na saurari ƙirjinta gaba da baya, na ji ƙarar ɓarɓashi a ƙasan huhun biyu da ɗan fito in tana fitar da numfashi. Na duba yatsunta da wuyanta da ƙafafunta. Cikinta ne ban duba ba, ban kuma tambayi ko an taɓa yi mata aiki ba. Hankalina duk ya tafi kan kwalbar. Na rubuta mata gwajin hura iska da hoton siti (CT) na ƙirji, wanda ke nuna cikin huhu dalla-dalla, na ce ta dawo bayan mako uku.

Layin ƙarshe a rahoton hoto

Gwajin hura iska ya nuna hanyoyin iskarta sun ƙuntata. Abin da take iya fesowa a daƙiƙar farko bai wuce kashi 61 cikin 100 na abin da ake sa rai ga mace mai shekarunta da tsayinta ba, da aka shaƙa mata maganin buɗe ƙirji ta sake hurawa kuma, bai wani motsa ba. Wannan ya rage zaton asma. Hoton siti kuwa ya tabbatar da abin da kwalbar ta riga ta nuna. A huhu mai lafiya, kowace hanyar iska tana tafe kafaɗa da kafaɗa da jijiyar jini, faɗinsu kusan ɗaya, tana kuma sirancewa kamar reshen bishiya in ta doshi gefen huhu. Nata sun buɗe sun fi jijiyar faɗi, bangonsu ya yi kauri, a hoto sai ka ga kamar zobe mai ɗan dutse a gefe, wasu kuma cike da majina. Wannan ita ce bironkiyektasis, wato buɗewar hanyoyin iska ta dindindin, wadda likitan nan na Faransa René Laennec, wanda ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji, ya bayyana tun 1819. Hanyar da ta buɗe haka ba ta iya share kanta. Majina ta taru, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, kumburi ya ƙaru, bangon ya ƙara lalacewa, haka abin ke ta zagayawa.

Ciwon ya sami suna, saura abin da ya jawo shi. Ina shirin rubuta gwaje-gwajen da aka saba, sai idona ya faɗa kan layin ƙarshe na rahoton. Hoton ƙirji yakan kamo saman ciki, mai karanta hoton kuma ya rubuta cewa bai ga babban hanji a inda ya saba zama ƙarƙashin hanta da saifa ba, akwai kuma alamun tsohuwar tiyata.

"Malama, an taɓa yi miki aiki a ciki?"

"Ai wannan tsohon zance ne, Likita. An cire hanjin, cutar ta tafi da shi. Haka aka gaya mini."

Ba ɓoyewa ta yi ba. Cutar da take fama da ita na tambaya, ita kuwa a saninta ba ta da wata. Da ma'aikaciyar jinya ta kwantar da ita na duba, ga dogon tabo daga ƙasan ƙirji har mara, ga wani ƙarami a dama inda aka taɓa fito da hanji waje.

Tana da shekara 26 ta fara zawo da jini da majina, sau shida zuwa goma a yini, da murɗar ciki, da jin kamar bayan gidan bai ƙare ba. An daɗe ana yi mata maganin atini kafin a leƙa hanjin da kyamara a gane gyambon babban hanji ne, wanda likitoci ke kira alsaratib kolaitis. Shekara goma tana fama: salfasalazin, sannan mesalazin, sannan azatiyofirin, ga firednisolon, wani nau'in sitiroyid mai danne kumburi, duk sa'ad da ciwon ya taso. Gwiwoyinta sukan kumbura tare da tashin cikin, sau ɗaya kuma idonta ya yi ja da zafi har sai da likitan ido ya sa hannu. Tana da shekara 36 ciwon ya yi tashin da bai taɓa yi ba. Aka kwantar da ita, sitiroyid ta jijiya bai yi ba, aka ƙara da infiliksimab, shi ma bai yi ba, aka shiga da ita tiyata aka cire babban hanjin. Bayan aikin aka dakatar da sauran magunguna, aka riƙa rage firednisolon har aka daina. Daga baya aka yi mata 'yar jaka da ƙarshen ƙaramin hanji aka haɗa da dubura, aka rufe wurin da ke waje.

"Tarin, kafin aikin farko ya fara ko bayansa?"

Ta ɗan lissafa da yatsu. "Bayansa. Kamar wata biyu. Daidai lokacin da na gama ƙananan ƙwayoyin nan farare." Ta ce ta faɗa a lokacin, aka ce mata na banju ne, zai wuce.

Me ya haɗa hanji da huhu?

Ciwon kumburin hanji mai ɗorewa kashi biyu ne. Akwai gyambon babban hanji, wanda ake danganta bayaninsa na farko ga Samuel Wilks na Landan a 1859. Daga dubura yake farawa ya haura ba tsallake, fatar cikin hanjin kaɗai yake ci. Akwai kuma cutar Crohn, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer suka bayyana a 1932 daga asibitin Mount Sinai na Niyu Yok. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, nan da can, tana kuma ratsa bangon hanjin duka. Ba ɗaukar su ake yi daga wani ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa fatar hanji, bisa haɗuwar gado da ƙwayoyin da ke zaune a hanjin da abin da mutum ke cuɗanya da shi.

Tunda gyambon a babban hanji kaɗai yake, likitan tiyata da ya ce cire hanjin na kawo ƙarshensa bai yi ƙarya ba: zubar jini ta tsaya, tsoron sankarar babban hanji ya kau. Amma wuƙa ba ta cire halin garkuwar jiki. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Likitoci sun daɗe da sanin cewa ciwon yakan fita daga hanji ya taɓa gaɓoɓi da fata da ido da hanyoyin maɗaciya a hanta. Huhu ne aka makara a kansa. A 1976 Sumner Kraft da abokan aikinsa a Shikago suka buga rahoton mutum shida masu ciwon hanjin da suka zo da tari mai mugunya wanda aka rasa dalilinsa, wasunsu bayan an cire musu hanjin. A 1993 Philippe Camus na Dijon a Faransa da abokan aikinsa suka tattaro mutum 33, daga nan zancen ya zauna.

Dangantakar tun daga mahaifa take. A mako na huɗu na ɗan tayi, huhu yakan tsiro ne kamar ɗan toho daga gaban bututun da zai zama hanyar abinci da hanji. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Shi ya sa shimfiɗar cikinsu ta yi kama: ƙwayoyi masu fitar da majina, da tarin fararen ƙwayoyin jini a ƙarƙashin fata suna gadi, domin dukansu biyu ƙofofi ne da duniyar waje ke shigowa jiki ta cikinsu, ɗaya da abin da aka haɗiya, ɗaya da abin da aka shaƙa. Fararen ƙwayoyin da suka koyi faɗa a hanji suna yawo a jini, suna iya sauka a hanyar iska su ci gaba da faɗan a can.

Me ya sa sau da yawa sai bayan cire hanji? Bayani biyu ake bayarwa. Ɗaya, da aka ɗauke filin dagar, kumburin ya koma gidan ɗan'uwa. Ɗayan, kumburin dama yana nan a hanyar iskar, magungunan hanjin ne suka danne shi ba a sani ba, da aka janye su ya ɗago kai. A lamarin wannan malama zuciyata ta fi karkata ga na biyun, saboda ita da bakinta ta ɗaure farawar tarin da ƙarewar firednisolon, alhali ba ta san muhimmancin abin da take faɗa ba.

Ba manyan hanyoyin iska kaɗai abin ke kamawa ba, ko da yake su ya fi kamawa, buɗewarsu kuma ita aka fi gani. Yakan kama can sama, ƙasa da maƙogwaro, wurin ya tsuke, murya ta dishe, a riƙa jin ƙara in mutum ya ja numfashi. Wannan na gaggawa ne, don hanyar na iya toshewa. Yakan kama ƙananan hanyoyin da hoton ƙirji ba ya nunawa. Yakan kama naman huhun ya yi kama da nimoniyar da ba ta jin magani, ko ya yi ƙulli-ƙulli masu ruɓewa a tsakiya ba tare da ƙwayar cuta ba, waɗanda a hoto ba su da maraba da tarin fuka ko sankara. Yakan kumbura tantanin da ya lulluɓe huhu ko zuciya. A cutar Crohn, jefi-jefi, hanji yakan ɓula har ya haɗe da hanyar iska. Da yawa kuma ba sa jin komai, sai an gwada su a ga iskar ba ta ratsawa cikin jini yadda ya kamata. Na hanyar iska ya fi zuwa tare da gyambon babban hanji, ya fi yawa ga mata, sau da yawa ga waɗanda ba sa shan taba, yakan zo shekaru bayan fara ciwon cikin, kuma ba lallai ne ya bi tashi da kwanciyar hanjin ba. Malamar ta cika kusan kowane ɗaya.

Kafin a taɓa sitiroyid

A nan ne na fi jin tsoron gaggawa. Mai ciwon hanji da ya zo da tari, ba ciwon kansa ake fara zargi ba. Sau da yawa maganin ne, ko ƙwayar cutar da maganin ya buɗe wa ƙofa.

Salfasalazin da mesalazin na iya kumbura huhu, galibi cikin watannin farko na fara shan su: busasshen tari, zazzaɓi, haki, wani lokaci da yawaitar nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil. Da an daina maganin yawanci sai a ga sauƙi. Metotireksat, wani maganin danne garkuwar jiki, ma na yin irin wannan, nasa kuma yakan yi tsanani. Malamar ta kusa shekara biyu rabonta da ko ɗaya, wannan ƙofar ta rufu da kanta.

Sai gudan jini. Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2010, daga bayanan likitocin Birtaniya, ya nuna masu ciwon kumburin hanji sun ninka sauran mutane fiye da sau 3 wajen haɗarin daskarewar jini a jijiya, lokacin tashin ciwon kuma fiye da sau 8. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan gudan jini a huhu ga masu shan kaso mai yawa na tofasitinib, wani maganin danne garkuwar jiki. Tarin wata 20 mai mugunya ba siffar gudan jini ba ce, amma duk mai wannan ciwo da numfashi ya ƙwace masa farat ɗaya, ko ƙirji ya soke shi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, wannan ake fara nema a ranar, ba gobe ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne infiliksimab. Maganin yana toshe wani sinadarin garkuwa ne mai suna TNF, shi kuwa wannan sinadari da shi jiki ke gina katangar da ke tsare ƙwayar tarin fuka mai barci. In katangar ta rushe, ƙwayar ta farka. A 2001 Joseph Keane da abokan aikinsa suka buga a New England Journal of Medicine rahoton mutum 70 da tarin fuka ya kama bayan an ba su infiliksimab, rabinsu cikin mako 12 da farawa. Na lissafa nata: tarin ya fara kusan mako goma bayan an ba ta. Ke nan tarihin da ya nuna mini ciwon hanji shi ne kuma ya sake ƙarfafa zaton tarin fuka. Gaskiya ne ta sha maganin wata shida, gaskiya ne hoton bai nuna kogo ko tabo a saman huhu ba. Amma akwai tarin fuka mai ƙin magani, akwai kuma danginsa da ke zaune a ruwa da ƙasa, masu son huhun da hanyoyinsa suka buɗe, waɗanda maganin wata shida ba ya kawar da su, GeneXpert kuma ba ya ganinsu. A zuba sitiroyid a kan ɗayansu, an zuba fetur a wuta.

Maigidanta, wanda ya rako ta a wannan zuwan, bai ji daɗin jiran ba. "Likita, tunda kun gano bakin zaren, me kuma ake jira? Matar nan ta wahala." Na ce masa, "Alhaji, wahalarta ce ta sa ba zan yi garaje ba. Maganin da nake so in ba ta, in zatona daidai ne zai taimake ta ƙwarai, in kuwa akwai ƙwayar da ta ɓuya, shi zai ciyar da ita." Ya yi shiru, can ya ce to, a yi abin da ya dace.

Gwaje-gwajen jini ba su ɗauki lokaci ba. Ba ƙanjamau, sinadaran garkuwarta ba su gaza ba, ba alamar jikinta na faɗa da fangas ɗin nan Aspergillus, ba alamar ciwon gaɓoɓi na rumatoyid. Ba ta da tarihin ciwon ƙirji tun yarinta.

Sai muka leƙa hanyar iskar da kyamara. Hanyar iska mai lafiya fara-fara ce mai ɗan ja, tana sheƙi, zobban guringuntsi sun fito sarai. Tata tun daga tsakiyar babban bututun ta yi jajir, ta kumbura har zobban sun dusashe, fatar ta yi gurzu-gurzu, da kan kyamarar ya goge ta sai jini ya tsatso. Kowace ƙofa muka dosa a ƙasan huhu, mugunya ce ke ɓulɓulowa, a zuƙe, ta sake cikowa. Da na kai wa abokin aikina likitan hanji hotunan, ya daɗe yana kallo, ya ce ba don siffar bututun ba da ya ɗauka hanjin mai gyambo aka nuna masa. Mun wanko ruwa daga cikin huhun, mun gutsuro 'yan nama. A ƙarƙashin madubin gwaji aka ga fatar ta zaizaye, ƙasanta cunkushe da fararen ƙwayoyin jini, ba kuwa irin dunƙulen da tarin fuka ke yi. GeneXpert na ruwan wankin bai nuna komai ba. Shukar da aka yi ta ƙwayoyin yau da kullum, wato renon ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji don a ga abin da zai tsiro, ta fitar da Haemophilus influenzae, baƙon da aka saba samu a hanyar iskar da ta lalace. Shukar tarin fuka da danginsa kuwa sai an jira mako shida.

Magani, da komawar ciwo

Ba mu zauna hannu rabbana muna jiran shukar ba. Ta sha maganin wannan ƙwayar kwana 14. Mai gashin ƙashi da motsa jiki ta koya mata share ƙirji: numfashi a hankali, sannan ja mai zurfi sau uku ko huɗu, sannan huci da baki buɗe kamar mai son ya turara madubi, safe da yamma, tana kwance ta gefen da zai sa kakin ya gangaro. Muka kuma fara sitiroyid na shaƙa mai ƙarfi. Wannan wuri ne da ciwon ya saɓa wa ƙa'ida. A bironkiyektasis ta yau da kullum ba a ba da sitiroyid na shaƙa haka kawai, amma jagorar ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya ta 2019 ta sa ciwon kumburin hanji cikin 'yan wuraren da aka keɓe, domin a nan kumburin ne tushe, ƙwayoyin cuta daga baya suka tare.

Cikin mako huɗu kakin ya ragu da kusan rabi, launinsa ya koma fari-fari. Sau tara ana ba ta maganin kashe ƙwayoyi ba a taɓa samun sauƙin da ya wuce mako biyu ba, wannan karon ya zarce. Da shukar ta cika mako shida ba abin da ya tsiro, na kawo zancen firednisolon na sha. Fuskarta ta canza. Ta san shi sarai: kumburin fuska, rashin barci, yawan ci, saurin fushi. Shekara goma tana shansa tana dainawa, na kuma san ƙashinta ya riga ya biya wani abu. Muka yi yarjejeniya: miligiram 30 a rana, a riƙa ragewa har ya ƙare cikin mako takwas, a auna ƙwarin ƙashinta, a ba ta abin da zai kare shi. Kafin makonnin su cika, kakin safiya bai wuce cokali ba, zazzaɓi ya ɗauke, abin da take fesowa a daƙiƙar farko ya hau kashi 79 cikin 100. Ta koma aji. Autar ta koma ɗakin uwarta tun ranar da na rubuta wa maigidan a takarda, da sa hannuna, cewa wannan tari ba a ɗaukarsa.

A wata na biyar ta dawo ba ranar da aka ba ta ba, kwalbar na cikin jaka. Abin shaƙar ya dishe mata murya, fari-fari ya fito mata a baki da maƙogwaro, ita kuwa da murya take cin abinci. Ta ga ta warke, sai ta ajiye shi ba ta gaya wa kowa ba. Mako uku kacal, kaki ya dawo kore. Ban yi mata faɗa ba, domin ni ne ban zauna na nuna mata yadda ake kauce wa wannan ba tun farko. Muka yi maganin fangas ɗin bakin, muka haɗa abin shaƙar da 'yar gorar da ke rage abin da ke maƙalewa a maƙogwaro, ta riƙa kurkure baki tana tofarwa bayan kowace shaƙa. Cikin wata guda ta dawo inda take. Komawar nan, duk da ba mu so ta ba, ta ƙara tabbatar mana da abin da muke jinya.

Sitiroyid na shaƙa mai yawa shi ma ba kyauta ba ne. Yana ƙara haɗarin nimoniya da na dangin tarin fukan nan, saboda haka ana shuka kakinta lokaci-lokaci ko da tana jin daɗi, an kuma yi mata rigakafin mura mai tsanani da na nimoniya. Na rubuta wa likitocin hanjinta, waɗanda ta daina zuwa wurinsu tun da aka rufe aikin, suka mayar da ita cikin masu zuwa dubawa, suka duba 'yar jakar hanjin da hantarta.

Bayan shekara guda muka sake hoton siti. Bangon hanyoyin ya rage kauri, majinar da ta toshe su ta tafi. Amma hanyoyin da suka buɗe a ƙasan huhun biyu suna nan a buɗe, haka kuma za su zauna. Na juya mata allon na nuna mata. Ta daɗe tana kallon zobban, sannan ta ce, "Likita, da an gano tun watannin farko fa?" Na gaya mata gaskiya: kumburi yana sauka, bangon da ya riga ya saki ba ya komawa, kuma ina kyautata zaton da an fara maganin tun tarin yana sabo da ta tsira da fiye da haka. Ta gyaɗa kai, ba ta ƙara cewa komai a kai ba.

A shekarar sau biyu ƙirjin ya taso har ta buƙaci maganin kashe ƙwayoyi, ba a kwantar da ita ko sau ɗaya ba. A zuwanta na baya-bayan nan ta ce har yanzu takan yi minti goma da asuba tana share ƙirji kafin yara su tashi, kakin bai wuce cokali ba. Mun rage abin shaƙar mataki ɗaya, za ta dawo bayan wata uku a sake hura iska.